Kafin A Saya Wa Yara Ɗan Kwikwiyo

Duk wanda ya zauna garin Jos ya san irin wannan ciniki. Da la'asar sakaliya, ko kuwa ranar Asabar, akan ga samari a bakin titi kowanne ya rungumo 'yan kwikwiyo biyu ko uku, farare fat kamar curin auduga, an wanke su an taje musu gashi. Mota ta tsaya, yaran da ke kujerar baya su leƙo, nan da nan sai roƙo ya tashi: "Baba, don Allah ka saya mana wancan ƙaramin." Mai talla kuwa ya matso kusa da taga ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan irin na yara ne. Ba ya girma, ba ya cizo." Kafin minti goma an gama ciniki, an sa a mota abin da zai zauna gidan shekara 12 ko 15, watau har yaron da ya yi roƙon ya gama sakandare ya bar gida, kare yana nan.

Daga cikin maganganun nan biyu na mai talla, ta farkon tana iya zama gaskiya, gama akwai irin karnukan da ko sun tsufa ba su fi ƙaton muzuru ba. Ta biyun kuwa babu mahaluƙin da zai iya ɗaukar alkawarinta. Kowane kare yana da haƙori, kuma a ƙasar da ciwon haukan kare bai ƙare ba tukuna, ƙaramin kare yana da nasa haɗari na dabam wanda babba ba shi da shi, shi ne raina shi da ake yi. Babban kare in ya ciji yaro unguwa duka za ta ji, a ruga asibiti. Ɗan kwikwiyo in ya kama shi da haƙori a yatsa cikin wasa, sai a yi dariya a share jinin, wani lokaci ma yaron ba zai faɗa wa kowa ba don tsoron kada a raba shi da abin wasansa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Saboda haka maigidan da ke tunanin saya wa 'ya'yansa ƙaramin kare, abin da ya kamata ya sa a gaba shi ne hali da lafiya da katin allura. Launi da gashi da sunan iri su biyo baya.

Ba banza ba wannan sana'a ta kafu a Jos. Garin yana bisa tsauni, kimanin ƙafa 4,000 sama da teku, ga sanyi wanda a watan Disamba da Janairu yakan sa mutum ya nemi bargo biyu. Tun zamanin da Turawan haƙar kuza suka cika Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, karnukan ƙasashen sanyi suka sami wurin da za su rayu su hayayyafa ba tare da wahalar da zafi kan ba su a sauran garuruwan Arewa ba. Yau kiwon karnukan waje ya zama hanyar abinci ga matasa da yawa a garin, har daga Abuja da Kaduna da Ikko akan aiko a saya. Amma mai karatu na nesa ya lura. Karen da ke tsalle cikin nishaɗi a Rayfield da gashinsa ninki biyu, in aka kai shi Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, azaba aka kai shi. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa akan gan shi ya zaro harshe.

Kafin a kai ga zaɓen iri, akwai tambayar da gidan Musulmi ba zai tsallake ba, ita ce ko ya halatta a ajiye karen ma tukuna. Abin da malamai suka karantar a zaure tun kaka da kakanni sananne ne. Hadisi ya yi izini da kare saboda farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗi cewa wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba, ladansa yana raguwa kullum. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin ƙasar nan ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai bin umarni ne kurum. Shafi'awa kuwa suna ganinsa najasa mai tsanani. Game da tsaron gida, malamai da yawa sun ƙiyasta shi da tsaron gona. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu cikin shekarar 996, cewa katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, ya amsa da cewa da Malik ya ga wannan zamani, da zaki zai ajiye. Abin da ya fito daga wannan duka shi ne, a gidan Musulmi kare ma'aikaci ne, wurinsa tsakar gida ko bakin ƙofa, nesa da gado da tabarmar salla. Wanda ke cikin shakka ya tambayi malaminsa kafin ya biya kuɗi, kada ya bari sai yara sun shaƙu da dabba sa'an nan a zo ana jayayya.

Shi kuwa ƙaramin kare aikin da ya iya ke nan. Ba zai kayar da ɓarawo ba, amma kunnensa ya fi na kowa a gidan, kuma babu abin da ɓarawo ya ƙi kamar a tashi masu barci. Gidajen Kirista, musamman na Birom da Jarawa da Anaguta da Angas waɗanda kiwon kare tsohuwar al'adarsu ce, ba su da wancan takunkumi, sai dai akwai haƙƙin da ya hau kan kowa. A unguwar da aka cakuɗa, sakakken kare da ke shiga gidan maƙwabci yana sa baki a buta, ko yana korar yara masu zuwa makarantar allo, abin rigima ne, kuma Jos ba ta bukatar ƙarin dalilin rigima. Wanda ba shi da katanga da ƙyaure mai rufuwa bai shirya wa kare ba.

Iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu sayar da ƙananan karnuka a ƙasar nan, watau Lhasa da Eskimo. Lhasa asalinsa ƙasar Tibet ne, can kan duwatsun Himalaya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ajiye shi cikin gidajen ibadar mabiya addinin Buda domin ya yi haushi in baƙo ya shigo. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8 ne, yana da tsawon rai, kuma sanyin Filato ya yi masa daidai. Amma fa kyan fuskarsa yana ruɗin mutane. Don tsaro aka yi kiwon kakanninsa, saboda haka yana da zargi ga baƙo, yana da taurin kai, kuma ba shi da haƙurin a ja masa kunne ko wutsiya. Gidan da yaransa suka kai shekara 7 ko 8, suka san "bari", zai ji daɗinsa. Gidan da ke da mai rarrafe ya dakata. Ga kuma aikin gashi, wanda in ba a taje shi kusan kullum ba sai ya cukurkuɗe ya yi dunƙule-dunƙule, kaska da ƙuma su sami maɓoya, ƙuraje su fito a ƙarƙashi ba wanda ya gani. Da yawa daga cikin masu shi a ƙarshe aski suke yi masa, to, kyan da aka saye shi dominsa ya tafi ke nan.

Eskimo kuwa sunansa ma na aro ne. Ba shi da wata dangantaka da mutanen ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya. Jamusawa ne suka shiga da kakanninsa Amurka, da aka yi Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, aka tsani duk abin da ke ɗauke da sunan Jamus, sai aka sake masa suna. Kare ne mai kaifin hankali da saurin koyo, har masu wasan nuna dabbobi a Amurka suka riƙa yawo da shi yana tafiya a kan igiya. Yana son gudu, yana son yara, kuma ya fi Lhasa sakin jiki da mutanen gida. Aibinsa biyu ne: haushi, wanda in an bar shi shi kaɗai ba ya gajiya da shi, da zubar gashi, wanda uwargida za ta riƙa sharewa safe da yamma. Har ila yau, duk ɗan kwikwiyo fari mai gashi "Eskimo" ne a bakin mai talla, sai ya yi wata 6 a ga ya zarce gwiwa. Maganin wannan shi ne a ga uwa, in da hali a ga uba.

Akwai waɗanda ƙanƙantarsu ita ce aibinsu. Chihuahua na ƙasar Meksiko, wanda bai cika wuce kilo 3 ba, ƙasusuwansa kamar tsinke suke. Yaro ya ɗauke shi ya suɓuce daga hannu, ƙafa ta karye, wasu ma akan haife su da maɗigar da ba ta rufewa. Shi ma ya san rauninsa, don haka da ya ga hannu ya nufo shi sai ya kai cizo don kare kai. Hunturun Jos kuma makyarkyata yake sa shi. Sai masu bajajjen hanci, irin su Pug na ƙasar Sin da Bulldog ɗin Faransa, waɗanda hotunansu suka cika wayoyin matasa. Halinsu da yara mai kyau ne, ba a musu. Sai dai 'yan Adam sun yi ta gajarta musu fuska har numfashi ya zama musu aiki: minshari ido biyu, haki da ɗan gudu kaɗan, ga idanu a waje waɗanda ƙaramin tsinke kan tsone. Yawancin Bulldog sai an yi wa uwa fiɗa ake fitar da 'ya'yan. Abin ya kai har cikin shekarar 2019 ƙasar Holan ta fara tilasta dokar hana haɗa masu gajeren hanci ƙwarai su haihu. Mai albashin wata ya yi lissafin kuɗin likita kafin sha'awa ta ɗebe shi.

In dai haƙuri da yara ake nema, masana karnuka sun daɗe suna yabon Beagle, karen farautar zomo na Ingila, mai faɗin kunne da gajeren gashi, wanda nauyinsa kan kai kilo 9 zuwa 11. A garke aka saba kiwonsa, shi ya sa bai cika faɗa ba. Amma hancinsa ne sarkinsa, da ya shinshino wani abu ko ana kiransa ba ya ji, ga kwaɗayi, ga kuka mai tsawo cikin dare.

Akwai kuma wanda ba a tallarsa a bakin titi, ba a wanke shi da sabulu mai ƙanshi, shi ne karen gida, ja ko ruwan ƙasa, mai miƙaƙƙen kunne da lanƙwasasshiyar wutsiya, wanda 'yan boko ke kira "Bingo" da raini. Girmansa matsakaici ne, gashinsa gajere, kaska ba ta ɓuya a jikinsa, yana cin abin da gida ya ci, zafi da sanyin ƙasar nan duka ya gaje su. Dubban shekaru ya yi tare da mutanen Afirka, kuma ɗan'uwansa na Kwango, Basenji, da Turawa suka kai shi Ingila cikin shekarun 1930, sai ya zama abin alfahari mai tsada. Sakaci ne ya ɓata sunan karen gida: ba a ciyar da shi, ba a yi masa allura, yara su jefe shi, sa'an nan a ce mugu ne. Ɗan kwikwiyon gida da aka ɗauko daga uwa mai sanyin hali, aka yi masa allura, aka saba masa da hannun yara tun yana ƙarami, zai fi dacewa da yawancin gidaje fiye da kowane mai sunan Turanci. Masu talla ba za su so jin wannan ba, gama babu riba a cikinsa.

To, ko wane iri aka zaɓa, maganar da ta fi kowace nauyi ita ce ta ciwon hauka. Ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar wani buɗaɗɗen ciwo, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Gwargwadon kusancin ciwon da kai, gwargwadon gajartar tafiyar, kuma a nan ne yara suka fi kowa shiga haɗari, gama fuskar ɗan shekara 3 daidai take da bakin kare. Kafin cutar ta bayyana ciwon ya warke, an manta. Ranar da ta bayyana kuwa, da zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa, har mai ƙishirwa ya ga kofi maƙogwaronsa ya shaƙe, to, babu asibitin da ke da magani, a Jos ne ko a London. Kusan duk wanda ya kai wannan matsayi mutuwa yake yi, Allah ya kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ne sanadin har kashi 99 cikin 100.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne an san riga-kafinsa tun da daɗewa. Ran 6 ga Yuli 1885 aka kai wa Louis Pasteur a birnin Paris wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo 14. Aka yi masa jerin allurai, yaron ya rayu har ya manyanta. Ƙasar Meksiko kuma ta nuna cewa ƙasa guda tana iya rabuwa da cutar, gama bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta, cikin 2019 Hukumar Lafiya ta tabbatar cewa haukan da mutum ke ɗauka daga kare ya ƙare a can. Masana sun ce in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar wucewa.

Mutanen Jos kuwa ba su da uzuri ko kaɗan, domin gidan maganin yana bayan ɗakinsu. A Vom, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Terminus, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1924 don yaƙi da bushiya, annobar da ta sha ƙare shanun Fulani. Tun shekarun 1950 take yin allurar haukan kare, kuma can ake kai kan karen da ake zargi daga jihohi da yawa a duba ƙwaƙwalwarsa. Amma a jihar nan dai, a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke, akwai kasuwar karnuka wadda ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma. Ran Alhamis take ci, ana tara karnuka daga jihohin Arewa har da ƙetaren iyaka, a loda su zuwa Kudu. Masu bincike sun duba ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a can suna da alamar ƙoshin lafiya, suka sami ƙwayar cutar a wasunsu. Ma'anar wannan ga mai saye a fili take. Ido ba ya gane kare mai ɗauke da ita, kuma ba kowane mahaukacin kare ke zubar da yawu yana bin mutane ba. Akwai wanda shiru zai yi ya laɓe, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa, mai tausayi ya zura hannu don ya cire. Ɗan kwikwiyo ma yana kamuwa. Wanda ba a san uwarsa ba, ba a san gidan da ya fito ba, cinikin biri a sama ne ko da yana hannun mai saye.

Saboda haka a je gidan mai kiwo, a bar sayen titi. A ga uwa, a ga yadda take karɓar baƙo, gama hali ana gadonsa kuma ana shansa a nono. A ga wurin da suke kwana. Kada a karɓi wanda bai cika mako 8 ba, domin a makonnin nan ne yake koyon iyakar cizo wajen uwa da 'yan'uwansa, kuma wanda aka yaye da wuri yakan tashi da cizon wasa mai zafi. A cikin 'yan'uwan, da wanda ya laɓe a lungu yana rawar jiki da wanda ke danne kowa, duka ba na gidan yara ba ne. A nemi na tsakiya, wanda zai zo ya shinshina hannu, in an ɗaga shi ya ɗan motsa sa'an nan ya natsu, idonsa garau, hanci ba majina, ciki ba a kumbure ba, gindin wutsiya ba alamar zawo.

Sa'an nan a nemi kati. Katin gaskiya yana da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓamɓaro daga kwalbar maganin aka manna, da sa hannu da hatimin likitan da za a iya nemansa a same shi. Allurar farko ta cututtukan 'yan kwikwiyo, cikinsu har da wanda likitoci ke kira Parvo, mai sa amai da gudawar jini ya kashe cikin 'yan kwanaki, ana yin ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har su kai mako 16. Ta hauka kuwa sai ya cika wata 3, sa'an nan a sabunta kowace shekara. Wannan lissafi shi ne ma'aunin gaskiyar mai sayarwa. Duk wanda ya miƙo ɗan mako 6 ya ce "an gama masa allura duka", ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani sarai. Kuma maganin nan sanyi yake so. Wanda ya yini cikin aljihun wani a rana, ko cikin firijin da ya kwana uku ba wuta, da shi da ruwa duk ɗaya ne. Gara a kai dabbar asibitin dabbobi a yi a gaban mai ita, ko da za a biya ƙari.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma yara suka shafa. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu, ƙwanta ya fita cikin kashi ya zauna a ƙasa wata da watanni, yaro mai wasa da ƙasa ya kai hannu baki, wani lokaci har ta taɓa masa ido. Maganin tsutsa a kan kari da kwashe kashi kullum su ne kariya. Da damina kuma akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar kare ta yi ƙurji mai rami, kuma haka take yi wa jariri in an shanya kayansa a ƙasa ba a goge ba. Wajen abinci a kiyaye albasa da tafarnuwa da inabi da cakulan da goro, duka guba ne gare shi, kuma ƙaramin jiki kaɗan ke isarsa. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji.

Babban horon ma na yara ne. Yawancin cizon da suke samu daga karen gidansu ne ko na maƙwabta, wanda suka sani ya san su. Yaro ya san ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Ba a rungumar wuyansa, ba a kai fuska kusa da tasa, ba a hawansa kamar jaki. Gurnani gargaɗi ne, kuma kuskure ne a doki kare don ya yi gurnani, domin wanda aka hana gargaɗi gobe cizo zai kai ba sallama. Jariri da kare ba a barinsu su biyu ko na minti ɗaya, kome sanyin halinsa. Alkawarin da yara kan yi a mota, cewa su za su ba shi abinci su yi masa wanka, mako biyu yake yi, daga nan aikin ya koma kan uwargida. Don haka ita ya kamata a fara shawarta, maimakon a shigo mata da shi cikin kwali. Fiye da duka kuma, kowane yaro ya tabbata a ransa cewa in kare ya cije shi ko ya yaƙushe shi, kome ƙanƙantar wurin, ba wanda zai doke shi in ya zo ya faɗa.

In abin ya faru, aikin farko a gida yake. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, da agogo a hannu, sa'an nan a sa aidin ko sifirit. Kada a sa toka ko barkono ko gashin karen da aka ƙona, waɗannan ba sa kashe kome. A kai yaron asibiti a ranar. Tsofaffi suna tuna allurai barkatai da ake yi a ciki kewaye da cibiya, har tsoronsu ya hana wasu zuwa, amma wannan ya wuce. Ta yanzu a dantse ake yi, ko a cinya in jariri ne, ranar farko da ta 3 da ta 7, da abin da likita ya ƙara, kuma in ciwon mai zurfi ne ko a fuska yake, akwai wani magani dabam da ake durawa cikin ciwon kansa. Shi kuma karen kada a kashe shi cikin fushi a jefar. A tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, in ya wuce su lafiya lau likita na iya tsayar da sauran alluran. In ya mutu, ko ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kan. Malamin dabbobi ya yanke shi, a sa cikin ƙanƙara a kai Vom. Amma ba a jiran sakamakon Vom kafin a fara yi wa yaron allura.